Sunansa Yana Aji, Shi Yana Gosulon Nyanya: Rigimar Halarta a Kwasa-kwasan Intanet na Ma'aikatan Abuja

Ƙarfe biyar da rabi na yamma, ranar aiki, motoci sun yi cirko-cirko tun daga AYA har gangaren Kugbo. A bayan wata motar haya mutum huɗu sun matsu da juna. Ɗaya daga cikinsu, ma'aikaciya ce da katin ofis rataye a wuya, ta toshe kunne ɗaya da abin sauraro, waya tana kan cinyarta.

A fuskar wayar baƙaƙen akwatuna ne a jere, kowanne da suna a ƙasansa, babu fuska ko ɗaya sai ta mai koyarwa. Shi kuwa sai tambaya yake yi ko ana jin sa. Can ya ce kowa ya rubuta sunansa da ma'aikatarsa, za a ɗauki rajista. Nan take akwatunan da suka yi tsit suka farfaɗo, sunaye suka riƙa zubowa. Ita ma ta rubuta nata da babban yatsa, ta miƙa wa direba kuɗin mota da ɗaya hannun.

A takarda, ta halarci darasin ranar. Abin da ya shiga kanta kuwa, tsakanin hon ɗin tirela da masu tallan ruwan leda, wannan wani zance ne daban.

Irin wannan aji ya zama ruwan dare a Abuja. Malaman makaranta, ma'aikatan jinya, likitoci, akantoci da ma'aikatan Sakatariyar Tarayya, kusan kowa yana da wani kwas na ƙarin sanin makamar aiki da yake yi ta waya. Kuma kusan kowa yana da ƙorafi iri ɗaya, ba a kan karatun ba, a kan sharuɗɗan halarta.

Abin da ke shafin farko

Duk wanda ya taɓa yin rajistar irin wannan kwas ya san takardar. Kafin a koya maka komai, sai an fara gaya maka abin da ake so daga gare ka. Ka halarci kashi 75 ko 80 cikin 100 na darussan kai tsaye. Ka shigo a kan lokaci, wanda ya makara da kwata ba a lissafa shi. Ka bar kamara a kunne. Ka rubuta ra'ayinka a kan darasin mako, sannan ka mayar da martani ga abokan karatu biyu kafin daren Lahadi. Ka shiga aikin rukuni. Wanda ya gaza, babu satifiket.

Manhajar ba ta mantuwa, ba ta kuma jin magiya. Tana rubuta mintin da ka shiga da wanda ka fita, tana ƙirga bidiyon da ka buɗe. A taron bita na otal, mutum kan iya raɗa wa sakatare cewa yaro ba lafiya, a ɗaga masa ƙafa. A nan babu sakataren da za a raɗa wa.

Daga ambulan zuwa Zoom

Karatu daga nesa ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun zamanin Turawa akwai akawu da malamai da suka yi karatu ta gidan waya da makarantu irin su Wolsey Hall da Rapid Results College na Ingila: a aiko da darasi a ambulan, ɗalibi ya yi jinga ya mayar, ya jira makonni kafin ya ga jan biron malami. A 1976 aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna, wadda dubban malaman firamare suka samu takardar NCE ta hannunta suna bakin aiki. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, da hedikwatarta take Jabi a yau, an kafa ta a 1983, aka dakatar da ita a shekarar da ta biyo, sai a zamanin Obasanjo aka farfaɗo da ita.

A duk waɗannan, abin da ɗalibi ya rubuta shi ne babban shaidarsa. Malamin da ke Ingila bai taɓa tambayar ƙarfe nawa akawun Zariya ya zauna karatu ba.

Korona ce ta sauya lissafin. Ranar 30 ga Maris 2020 aka kulle Abuja da Legas, ƙananan ma'aikatan gwamnati suka koma gida. A watan Mayu na shekarar Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta yi zamanta na farko ta bidiyo, Shugaba Buhari yana fadar Aso Rock, yawancin ministoci suna ofisoshinsu. Tunda har majalisar ministoci ta zauna ta allo, wane darakta ne zai ce taron bitarsa ya fi ƙarfin Zoom?

Annoba ta wuce, al'adar ta zauna, saboda ta fi arha. Ba hayar zaure, ba abincin rana, ba tikitin jirgi. Da gwamnatin Tinubu ta dakatar da tafiye-tafiyen jami'ai zuwa ƙasashen waje da kuɗin gwamnati na wata uku daga Afrilun 2024, kowa ya gane inda aka dosa. Cibiyar horar da ma'aikata da ke kan hanyar Kubwa da kwalejin ASCON ta Badagry suna nan, amma ba za su iya ɗaukar kowa ba.

Lasisi ne ya koro su

Ba kowa ne ya shiga waɗannan kwasa-kwasai don ƙishirwar ilimi ba, kuma ba abin kunya ba ne a faɗa. Hukumar kula da likitoci, MDCN, tana buƙatar maki 20 na ƙarin horo kowace shekara kafin ta sabunta wa likita lasisi. Hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma tana da nata shirin na dole. Ƙungiyar akantoci ta ICAN tana ƙirga wa mambobinta sa'o'in horo, lauyoyi da injiniyoyi ma suna da nasu. Hukumar rajistar malamai, TRCN, wadda dokar 1993 ta kafa, ta ɗaure sabunta lasisin koyarwa da ci gaba da neman horo.

Manufar mai kyau ce. Babu mai son likitan da iliminsa ya tsaya a ranar da ya bar jami'a. Sai dai duk lokacin da aka ce maki ne ke buɗe ƙofar lasisi ko ƙarin girma, makin shi ne zai zama abin nema, ilimin ya koma rakiya. Shi ya sa idan shekara ta zo ƙarshe za ka ga zaurukan WhatsApp na ma'aikata sun cika da tambaya ɗaya: wane kwas ne ke ba da maki da yawa a ɗan lokaci?

Wa ke biyan kuɗin zaman?

Nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ne masu rubuta sharuɗɗan halarta suka fi kawar da kai.

A tsohon tsari, ma'aikacin da aka tura bita Kaduna ko Lakwaja, ofis ne ke sallamarsa na kwana uku ko mako. Teburinsa na hannun wani. Yana da kuɗin kwana, wanda a gyaran 2022 ya kama daga kimanin naira 10,000 a dare ga ƙananan ma'aikata zuwa sama da 30,000 ga daraktoci. Akwai shayin safe, akwai abincin rana, akwai jaka mai tambari. Kowa ya san wasu don alawus ɗin kawai suke zuwa, su sa hannu su sulale kasuwa. Amma wanda yake son ya koya, an ba shi lokaci da wurin zama da kwanciyar hankali.

Da aka koma intanet, sharaɗin halarta ya ƙara tsauri, duk abin da ke sa halartar ta yiwu kuma ya ɓace. Ba a sallami ma'aikaci daga tebur ba. Idan darasin da rana ne, fayil na shigowa, oga na kira. Idan da yamma ne, yana hanyar Mararaba ko Kubwa ko Suleja, domin ƙaramin ma'aikaci ba ya iya kama haya a Garki ko Wuse, balle Maitama. Darasin ƙarfe shida zuwa takwas kuwa a kan Magariba da Isha'i yake faɗawa, sai mutum ya zaɓa: ya bar wayar tana magana ita kaɗai ya tafi masallaci, ko manhaja ta rubuta ya fita.

Sai kuɗi. Taron bidiyo na mutane da yawa, kamara a kunne, yana iya cinye kusan gig ɗaya na data a awa guda. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara farashi da har kashi 50 cikin 100. Kafin nan, a Afrilun 2024, kuɗin wutar rukunin A, wato unguwannin da suka fi samun wuta, ya yi tsalle daga ƙasa da naira 70 zuwa sama da 200 a kan kowane yunit, su kuma unguwannin da ba sa wannan rukunin suna samun wutar ne yadda ta samu. Janareto na shan fetur ɗin da ya ninka sau da yawa tun cire tallafi a Mayun 2023. Mafi ƙarancin albashi kuwa naira 70,000 ne tun Yulin 2024.

Ko wannan ma ba kowa ya same shi cikin sauƙi ba. Malaman firamare na ƙananan hukumomin Abuja shida sun shafe sama da wata uku suna yajin aiki a 2025 a kan batun sabon albashi da bashin da suke bi. A tuna, irin waɗannan malaman, na ƙauyukan Kwali da Abaji da Kuje, su ne ake cewa su bar kamara a kunne na awa biyu.

Shi ya sa kalmar da aka fi ji a waɗannan azuzuwa ita ce “ku yi haƙuri, sabis ne”. Wani lokacin gaskiya ce tsagwaronta. A tsakiyar Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna sai da suka ji a jikinsu. Wani lokacin kuma mutum ya duba sauran datarsa ne ya ga ba za ta kai shi ƙarshen wata ba, kuma babu mai son faɗin haka a gaban abokan aiki.

Kamara ta shigo har ɗaka

Dokar kunna kamara ta fi kowace jawo gunaguni, kuma mata ne suka fi ɗanɗana kuɗarta. Ƙarfe bakwai na dare a gidan ma'aikaciya lokacin tukunya ne da wankan yara da aikin makarantarsu. Kunna kamara na nufin sai ta nemi mayafi, ta nemi kusurwar da ba a ga shirgi ba, ta kori yara, sannan ta buɗe ɗakinta ga maza hamsin da ba ta sani ba. Mai ciki da falo a Dutse Alhaji ba shi da ɗakin karatu da kantar littattafai a bayansa irin na mai koyarwa.

Ba a nan kaɗai ake kuka da wannan ba. A 2021 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka, ciki har da Jeremy Bailenson, sun yi nazari a kan gajiyar da taron bidiyo ke jawowa, suka gano cewa kallon fuskarka a allo na tsawon lokaci da jin idanu a kanka na daga cikin dalilan, kuma mata sun fi maza kokawa da ita.

Akwai kuma wani abu da masu kwafo sharuɗɗa daga jami'o'in waje ba su lissafa ba. An ce ka mayar da martani ga abokan karatu biyu, ka ƙalubalanci ra'ayinsu. To, idan abokin karatun mataimakin darakta ne a ma'aikatarku, kai kana mataki na takwas, kuma gobe shi zai sa hannu a takardar hutunka fa? Abin da za ka rubuta bai wuce “Ranka ya daɗe, wannan bayani ya gamsar” ba. An cika sharaɗi, an yi ladabi, ba a tattauna komai ba. A zauren otal ma ƙaramin ma'aikaci kan yi shiru har manya su gama, amma a can maganar tana bin iska. A nan rubutu ne, yana nan ajiye da sunanka a kai.

Su ma masu kwas suna da hujja

Kada a ɗauka masu shirya kwasa-kwasan mugunta ce ta sa su. Sun ga abin da ke faruwa idan aka saki linzami.

A Janairun 2019 mujallar Science ta buga binciken Justin Reich da José Ruipérez-Valiente na jami'ar MIT a kan kwasa-kwasan kyauta da MIT da Harvard suka bayar ta manhajar edX. Kusan rabin waɗanda suka yi rajista ko darasin farko ba su buɗe ba. Waɗanda suka kai ƙarshe a shekarar karatu ta 2017 zuwa 2018 ba su wuce kashi 3 cikin 100 ba da wani abin kirki. Amma a cikin waɗanda suka biya kuɗin takardar shaida, kusan rabi sun kammala. Wato idan babu abin da mutum zai rasa, ba ya zama.

Darasin ya iso Abuja. Da Ministan Sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar da shirin 3MTT a ƙarshen 2023 don horar da mutum miliyan 3 a fannin fasahar zamani, sama da mutum miliyan ɗaya suka nema, aka fara da 30,000, rukuni na biyu aka ɗauki 270,000. Ba a bar su da bidiyo kaɗai ba. An haɗa karatun intanet da cibiyoyi a jihohi inda ake haɗuwa ido da ido a yi aikin hannu. Dalilin a fili yake: gurbin da wani ya karɓa ya kwanta a kai, akwai wasu da yawa da suka so shi.

Masu koyarwa kuma suna da nasu ciwon. Duk wanda ya taɓa yin awa ɗaya yana magana da baƙaƙen akwatuna arba'in, ya jefa tambaya ya ji shiru, ya kira suna ba a amsa ba, zai fahimci dalilin da ya sa ake cewa a kunna kamara. Masu ba da tallafi na waje su ma lamba suke so a rahoto: mutum nawa suka shiga, nawa suka gama, mata nawa. Rajistar halarta ce abu mafi sauƙin ƙirgawa, don haka ita ake ƙirgawa.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari

Ɗalibai ba su zauna haka ba. An samu masu shiga aji su ajiye wayar a aljihun tebur. An samu masu ba ƙani ko ɗa wayar ya riƙa danna bidiyo yana wucewa har manhaja ta nuna an kalla duka. Akwai masu shiga aji biyu a lokaci guda, ɗaya a waya, ɗaya a kwamfuta. A aikin rukuni na mutum shida, galibi mutum ɗaya ko biyu ne ke yi, saura su aiko da suna da “Allah ya saka da alheri”.

Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, sharaɗin rubuta ra'ayi ya ƙara zama wasan yara. Sakin layi uku na Turanci mai santsi, a minti ɗaya, daga mutumin da bai buɗe darasin ba. Abokin karatunsa ya amsa masa da irin nasa. Mai koyarwa, wanda aka haɗa wa ɗalibai ɗari biyu, ba shi da lokacin karantawa, sai ya duba ya ga an rubuta ya ba da maki.

Abin takaicin shi ne wanda wannan tsari ke kayarwa. Ba mai wayo ba ne, shi ya san yadda zai gamsar da na'ura. Ungozomar da aka kira ɗakin haihuwa ana tsakiyar darasi ita ce ke faɗuwa. Da malamin da ya saurari darasin duka da tsakar dare, lokacin da data ke arha, ya kuma gwada abin a ajinsa washegari, amma bai samu shiga na kai tsaye ba.

Me ya kamata a auna?

Ra'ayin wannan marubuci shi ne sharaɗi dole ne, amma an ɗora shi a inda bai dace ba. Ana auna zaman mutum a gaban allo, alhali abin da aka tara shi dominsa shi ne aikinsa ya gyaru.

Ba sai an je nesa neman misali ba. A NOUN, jingar da ɗalibi ke yi a kan manhaja ita ke ɗaukar kashi 30 na maki, jarrabawa ta ɗauki 70. Tsarin yana da nasa matsaloli, amma aƙalla tambayar da yake yi ita ce me ka sani, ba ƙarfe nawa ka shigo ba.

Kwas na ma'aikata zai iya wuce haka. Malamar da aka koya wa sabuwar hanyar koyar da karatu, a ce ta gwada a aji ta turo muryarta ta minti biyu tana bayanin abin da ya faru, da Hausa ko Gbagyi ko Turanci, duk wanda bakinta ya fi sakewa da shi. Akanta ya turo takardar lissafin da ya gyara da sabuwar dabara. Wannan ya fi wuyar sata, ya fi arhar data, kuma mai koyarwa zai ji ainihin inda aka makale. Darasin kai tsaye a rage shi, a naɗe shi, a fitar da sautinsa kaɗai ga mai ƙaramar waya. Kamara a nemi a kunna ta a farkon zama a gaisa, da lokacin da mutum zai yi magana. Manya da ƙanana a raba musu rukuni idan ana son a ji gaskiyar ƙananan.

Wasu masu shirya kwas sun fara bin wannan hanya, musamman masu aiki da ma'aikatan lafiya na karkara, inda WhatsApp ya fi kowace manhaja aiki. Wasu kuma suna tura wa mahalarta kuɗin data, ko da yake sau da yawa sai an gama kwas ɗin kuɗin ke isowa.

Sai dai babban kason ba a hannun masu kwas yake ba, a hannun ofis yake. Ma'aikatar da ta tura sunan ma'aikacinta kwas, ta kuma sa sakamakon a fayil ɗin ƙarin girmansa, ita ya kamata ta sallame shi awa biyu a lokacin aiki, ta ba shi ɗaki mai wuta da intanet ɗin ofis, ta gaya wa ogansa kada ya aike shi. A yawancin gine-ginen Sakatariyar Tarayya akwai ɗakin taro da ke kulle rabin mako. Buɗe shi ba ya buƙatar kwangila ko sabon kasafi, takardar umarni ce daga babban sakatare.